Kwamfuta Mai Kwaɗo da Ta Kai Ni Tsafe da Bungudu

Naira dubu arba'in da biyu na zuba a kanta, ribar rediyo da talabijin ta wata huɗu. Ƙaramar kwamfuta ce ta hannu, irin mai ninkewa kamar jaka, wani dillalin hatsi na Tsafe ya kawo mini ita shagona a Gusau. Na gwada ta yadda nake gwada kowane kaya: na jona wuta, na danna, gilashi ya kawo haske, har da ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa a gefe, wanda na ɗauka tambarin kamfani ne. Na biya. Na ɓamɓare takardu da salatif da ke jikinta, na goge ta da tsumma da kananzir har ta ɗau ƙyalli, na kai wa wani mai shagon buga takardu da ya yi mini tayin dubu hamsin da biyar. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce a kulle take, ba ta aiki sai an sa kalmar sirri. Ya ba ni zuwa Asabar, in ba ta buɗe ba zai tafi Kano ya sayo wata.

Ranar Alhamis, ana sallame sallar asuba muka nufi tasha, ni da maƙwabcin shagona mai gyaran rediyo. Wahalar mai ake yi, sai direba ya ce Tsafe naira saba'in, wurin da muka saba biyan arba'in. Ya cusa mu huɗu-huɗu a tsohuwar fijo, ni gwiwata a haƙarƙarin wani mai buhun albasa, kwamfutar kuma a ƙirjina kamar jinjiri. Damina ta yi kyau, gero ya rufe gonaki har gindin dutsen Kwatarkwashi, amma ramukan titi duk sun cika da ruwa, kowanne muka faɗa sai na ji a aljihuna. Sau biyu muna tsayawa direba na cinikin galan da 'yan bumburutu.

Na sami dillalin a bakin rumfarsa, zaune kan buhun masara yana cin waina. Bayan gaisuwa ban tsaya kwana-kwana ba.

"Alhaji, akwati ka sayar mini babu makulli."

"Gabana ka gwada ta, ta kama. Mi ya rage?"

"Riƙe abinka ka ba ni kuɗina."

"Kuɗi sun zama taki, Malam, taki kuma shina gona. Zamna ka ci waina."

Raina ya ɓaci ƙwarai, musamman da na ga gaskiya yake faɗa, bai taɓa buɗe ta ba tun da ta shigo hannunsa. Abin da na samu daga gare shi kwatance ne kawai: wurin surukinsa ya saye ta, wani tsohon malamin gona a Bungudu. Ban ci wainar ba. A tasha muka sayi hoce da ƙuli na naira goma, muka ci a tsaye.

Duk wanda ya san hanyar ya san abin haushin. Tsafe na gabas, Bungudu na yamma, Gusau a tsakiya. Da rana tsaka motarmu ta bi ta gaban shagona, na hango shi a rufe, mutum biyu tsaye a ƙofa, ɗaya da rediyo a hammata. Muka sake wata mota, naira talatin, daga tashar Bungudu kuma ɗan kabu-kabu ya ɗauke mu mu biyu, ya bi da mu ta wani lungu mai taɓo har takalmina ɗaya ya cire.

Dattijon mutumin kirki ne, abin da ya ƙara mini takaici, don na zo da faɗa a baki na rasa wanda zan yi da shi. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura. Ya ce lokacin da yake aikin gona da wasu baƙi suka bar masa ita, wani abokin aikinsa ya sa mata kalmar, shekara biyu ke nan bai taɓa ta ba, kalmar ta shige masa. Garin babu wuta, sai muka dogara da ɗan cajin da ke cikinta. Muka sa sunan ɗansa na fari, muka sa sunan garinsu, muka sa lambar babur ɗinsa. Duk gwaji uku sai ta ƙi karɓa, sai an kashe an kunna. Kafin la'asar cajin ya ƙare.

Na ce, "Baba, mutum ya kulle abu ya manta makulli, kuma ya sayar? Wannan ai cuta ce."

Bai yi fushi ba. Sai a nan ya tuna wani abu, ya karɓi kwamfutar ya kife ta a cinyarsa, ya shafa gindinta.

"Ɗana, don na san halin kaina na rubuta ta ga takarda, na liƙe nan da salatif. Wa ya cire?"

Maƙwabcina ya sunkuyar da kai cikin kwanon fura. Yana zaune a shagona ranar da na sa farce na kankare takardar nan, har ina cewa masu kaya ba su san tsafta ba. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, ban taɓa ajiye kayan hannu a kanta ba sai na raba shi da duk wata alamar tsohon mai shi, don mai saye ya ga kamar sabo. Ko karanta ta ban yi ba. Na ba dattijon haƙuri, muka fito.

Da muka iso Gusau na zarce bayan shago inda nake zuba shara, na tona da kara. Ruwan ranar Talata ya riga ya kwashe komai zuwa kwata. Ranar Juma'a na kai ta wurin wani mai gyaran kwamfuta, ya kwance ta ya cire wani ɗan batir kamar kwabo, kwaɗon farko ya tafi. Ban gama hamdala ba na biyu ya fito. Ya ce wannan a jikin ma'ajiyar bayanan yake, babu dabara sai an sayo wata ma'ajiyar daga Kano, kuɗinta kuma zai cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi. Ranar Asabar mai shagon buga takardu ya hau motar Kano.

Yanzu duk na'urar da aka kawo mini, haske kaɗai ba ya sa in biya, sai mai ita ya shiga da ita har ciki a gabana. Takarda kuwa ko ta goro ce aka liƙa, sai na karanta na kwafe kafin in taɓa kananzir. Mai gyaran ya sayi kwamfutar dubu goma sha takwas don ya ciri kayan jikinta. Da kuɗin mota da ladan kwancewa, asarata ta kama dubu ashirin da biyar, ban da cinikin yini guda, kuma babu wanda zan kai ƙara, don farcen da ya yi ɓarnar nawa ne.