Barewar da Kawu Bai Yanka Ba

Lokacin da nake karatu a Dubai, a wurin Kawu na zauna, ƙanin mahaifiyata, a wani ɗan falat na haya a unguwar Hor Al Anz. Sana'arsa tura kaya Kano ta kago, kullum yana cikin kwalaye da salatif. Amma kafin kasuwa ta ɗauke shi maharbi ne, ɗan maharbi, daga wani ƙauye a gefen dajin Falgore. Ni kuwa ko kaza ban taɓa yankawa ba. Yakan ce ba don sallah ba, da bai san ina da ƙafafu ba.

Wata Lahadi da la'asar ya rufe littafin da ke hannuna ya ce, "Yalla, Malam, tashi ka ga rana." Muka shiga motarsa muka fita bayan gari, inda gine-gine suke ƙarewa yashi ya fara.

A can wata jif da ke gabanmu ta buge barewa ta wuce. Barewar ta faɗi, ta miƙe, ta haye tudun yashi ta ɓace. Na buɗe ƙofa zan bi ta, Kawu ya riƙe mini riga.

"Sai ina?"

"Ta ji ciwo, Kawu."

"Shi ya sa za ka zauna. Ka kore ta yanzu, za ta yi ta gudu har ta mutu inda ba mai ganinta. Ka ƙyale ta, za ta nemi inuwa ta kwanta."

Ya zuba mana shayi daga fulas, ya ce in faɗa masa abin da na gani. Na ce ba ta tanƙware baya ba, ba ta kuma yi tutsu ba, amma ƙafarta ta baya ta hagu tana lilo. Ya yi murmushi. "Ashe idon nan ba takarda kaɗai yake gani ba." Ya ce wadda aka samu a ƙirji takan harba ƙafafun baya ta ruga, ba ta yin nisa. Wadda aka samu a ciki takan tanƙware ta tafi a hankali. "Wannan ƙafa ce. In muka same ta kafin magariba, tana da sauran shan ruwa."

Sai da shayin ya ƙare muka tashi. Yashi ya riga ya shanye jinin, ya mai da shi 'yan dunƙulen baƙi, don haka sawu muka bi: kofato uku da wani layi a gefe inda take jan ƙafa. Ya hana ni taka sawun, ya hana ni magana, abin da bai taɓa yi mini wuya ba.

A gindin wata 'yar bishiya muka same ta kwance tana haki. Kafin in ankara Kawu ya zaro wuƙarsa ta yanka salatif, ya dubi rana yana neman alƙibla, leɓensa na motsi da bismilla. A gida ba a barin dabba mai rauni ta zama mushe.

"Kawu," na ce a hankali, "a nan laifi ne. Akwai masu kula da su."

Ya dubi wuƙar, ya dube ni. "To me muka biyo ta mu yi mata? Gaisuwa?"

Amma ya mai da ita aljihu. Ina kiran ma'aikatan gandun namun dajin yankin a waya, ya cire hiraminsa ya rufe mata ido, nan take ta daina fisge-fisge. Ya tallabe wuyanta yana cewa, "Kwanta, Hajiya, yau kin yi sa'a."

Ma'aikatan suka iso da a-kori-kura. Ɗayansu ya shafa ƙafar ya ce karaya ce, za ta ɗoru. Suka tafi da ita da hiramin a kanta, Kawu bai ce a ba shi ba.

Da muka dawo gari, a unguwar Al Rigga ya tsaya ya sayo mana shawarma. Ya ce da mahaifinsa zai ga ya bi jini har ƙarshe ya dawo da wannan, da sai ya karɓe kwari da bakansa. Muna cikin ci ya turo mini wayata.

"Malam, duba mini, ƙafar barewa tana jimawa kafin ta warke?"