Ledar Ladan a Giyabos ɗin Keken Inna

Ladan mutumin Gumbin Kure ne, amma Aliero ta fi saninsa. Ya koyi gyaran injin ban ruwa a Jega Sabon Gari tun yana saurayi, ya dawo ya kafa rumfa a bakin hanyar fadama, inda manoman albasa ke kawo masa injinansu a bayan babur. Mutum ne gajere, ba ya son hayaniya. Aljihunsa kuwa kullum cike yake da yankakkiyar leda da robar tsohon tub na taya. Duk inda ruwa ke yoyo, ko bakin tiyo ne ko noti, sai ya naɗe wurin da leda ya ɗaure, shi ke nan magana ta ƙare. Haka ubangidansa ya yi, haka duk masu gyaran injinan fadama suke yi, kuma ruwa bai taɓa ba su kunya ba.

Matarsa ta rasu da daɗewa, ta bar masa 'ya ɗaya, Balkisu. Ita ce ke kula da Inna Amariya, mahaifiyar Alhaji Maigari dillalin albasa, tun da ɓarin jikin tsohuwar ya shanye. Saboda Inna ne Alhaji ya sayo wata 'yar mota ta hannu daga Legas, mai ƙananan tayoyi da farin rufi, ba ƙofa ba gilashi, irin wadda masu hali ke yawo da ita a filin wasa. Fetur take sha. Mutanen gari suka sa mata suna keken Inna. Balkisu ta koyi tuƙa ta, ita ke kai tsohuwa barka da gaisuwa.

Da motar ta fara gurnani ta baya, Ladan aka kira. Ya ɗaga kujera ya ga injin, ya yi murmushi, don kamar ƙanen injin ban ruwa ne. Amma kukan ba daga nan yake ba. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashi, ya ga giyabos, wato akwatin giya, tsakanin tayoyin baya, da noti ɗaya a ƙasa na zubar da mai, ɗaya a gefe na zubawa.

Ya'ƙub mahauci, mai tukuba a ƙofar gidan Alhaji, ya leƙo yana goge wuƙa.

"Ladan, yau kai ka zama makaniken Turawa? Ka dai yi a hankali, wagga ba ta jan ruwa."

"Kai dai ji da naman jiya da kaka sai wa mutane."

"Na jiya? Shekaranjiya dai. Ka zo in ba ka, ka samu ƙarhin ɗaure noti."

Ladan ya tara kwano ya kwance notin ƙasa. Man ya fito baƙi ƙirin, da garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Bai ji daɗin ganin haka ba. Ya bari ya tsane sarai. Da ya zo mayar da notin, sai ya ga 'yar washar jan ƙarfen da ke hana yoyo ta tsage gida biyu. Irinta sai Jega, ga rana ta take, ga injina suna jiransa a rumfa. Hannunsa ne ya shiga aljihu tun kafin ya gama tunani. Ya naɗe notin da leda, ya ɗaure daidai, bai matse sosai ba don gudun kada haƙoran su lalace. Ya sa mazurari da tiyo ya ɗura sabon mai har ya kawo bakin ramin gefe, ya rufe. Ya shafa ƙasan da yatsa. Ko ɗigo babu.

Bayan azahar ya tuna ya bar mazurarinsa, ya hau babur ya koma. Motar ba ta nan. Inda ta tsaya da safe akwai wani ɗan baƙin tabo a yashi, gaba kaɗan wani, gaba kuma wani, sun nufi hanyar gonaki.

"Ya'ƙub, ina sunka tahi?"

"Gaisuwar mutuwa, rugar can ƙetaren kwalta. Ɗiyarka ta ja, Inna na baya tana ta hwaɗa. Mi ya hwaru? Ka ga huskarka kuwa?"

Ladan ya tsura wa tabon ido. A lokacin ne abin ya faɗo masa. Ruwan fadama sanyi gare shi. Man giya kuwa, in mota ta yi tafiya, zafi yake yi har ya ƙona yatsa, kuma leda ba ta zama da zafi.

Ya bi sawun. Da farko ɗigo ne nan da can, sai ya sunkuya yake gani. Da ya wuce rumbunan albasa ɗigon ya matso kusa da juna, ya zama zare. Yana son yin addu'a, kalmomin sun ƙi haɗuwa, sunan 'yarsa kawai ke fita. Ya ciro waya yana tuƙi da hannu ɗaya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya san Balkisu, in tana tuƙa Inna wayar na cikin jaka.

A wani gangare ya hangi abu a ƙasa ya tsaya. Notin ne, da narkakkiyar leda ta manne masa kamar ƙanzo. Daga nan man ya malale da faɗi, ya yi tsawo, sannan ya sirance. Gaba kaɗan ya ƙare ɗungurungum. Sawun tayoyi ne kawai ya ci gaba a kan busasshen yashi.

Wannan busasshen yashin ya fi komai tsorata shi. Muddin yana ganin baƙi, akwai sauran mai a ciki. Yanzu ƙarfe ne ke cin ƙarfe, tsofaffin haƙoran da tun da safe ya ga garinsu a kwano. Ya san yadda inji ke yi in ya ƙafe: ba ya sallama, cijewa yake yi wuri guda. Kuma lokacin kwasar albasa ne, tireloli ba sa yankewa a kan titin Jega.

Ya murɗa babur har yashi na watsa shi gefe. Wasu mata masu ɗauke da itace suka ce masa eh, sun ga keken Inna, tana wani irin kuka kamar ana niƙa tsakuwa, sun ma yi wa yarinyar magana ta ce an gyara ta yau, babanta ne ya gyara.

Da ya fito daga cikin gonaki ya hangi farin rufin. Motar ta hau kwalta ta tsaya a karkace, tsakiyar hannun masu zuwa Jega. Balkisu ta sauko tana turawa, tayoyin baya sun ƙi motsi. Ta koma ta rungumi Inna tana ja, tsohuwa mai jiki ce, ɓari guda kuma ba ya taimako. Daga sama, inda titin ya gangaro, wata tirela shaƙe da buhunan albasa tana zuwa, direban ya danne oda bai saki ba.

Ladan bai san yadda ya sauka daga babur ba. Ya ture 'yarsa, ya sa kafaɗa a cikin Inna ya saɓe ta kamar buhu.

"Wane ɗan banza na!" in ji Inna. "Ka sake ni, zanena!"

"Balkisu, gudu! Bar komi, gudu!"

Ya tsallaka da tsohuwa ya zube da ita a kan yashi. Da ya waiwaya, Balkisu na nan jikin motar. Hijabinta ya sarƙe a ƙarfen kujera, tana fizga, tana kallonsa. Bai taɓa ganin idonta haka ba.

Tirelar ta ci birki, tayoyi suna hayaƙi, direban ya kauce iyakar iyawarsa. Gefenta ya daki bayan 'yar motar. Farin rufin ya juya sama, ya faɗi can gefen titi. Igiyar lodin tirelar ta tsinke, buhuna suka zubo suka fashe, albasa ta yi ta gangarawa, ta yi ta gangarawa, har bayan komai ya yi tsit.

Balkisu na kwance a bakin kwalta, fuska a ƙasa, hijabin ya yage ya bar rabi a jikin motar. Ladan ya durƙusa kusa da ita ya kasa taɓa ta. Mutane suka taru suna salati. Direban ya sauko yana rantsuwa. Inna daga can tana kiran sunan yarinyar da muryar da ba a san tana da ita ba.

Sai ƙafarta ta motsa.

"Baba," ta ce cikin ƙasa. "Hannuna."

Hannun dama ya karye ƙasa da gwiwa, ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Aka sa ta a motar wani ɗan kasuwa, aka nufi cikin gari gidan masu ɗori. Ladan na riƙe da kanta a cinyarsa, hannuwansa har yanzu da baƙin mai.

"Baba, wallahi ba ni na ɓata ta ba. Ina hawa kwalta ta cije. Ka hwaɗa ma Alhaji."

"Na sani, ɗiyata. Yi shiru."

Mai ɗorin dattijo ne, ya ga irin wannan da yawa. Ya shafa hannun a hankali, ya sa aka riƙe ta, ya ja. Ihun da ta yi, waɗanda suka ji shi har yau ba sa son a tuna musu. Ya jera karare ya ɗaure, sannan ya ce abin da yake tsoro jijiya ce, in ta tsinke hannun ya tafi ko ƙashi ya haɗe.

"Yarinya, motsa min yatsunki."

Ba su motsa ba. Gumi na zuba daga goshinta, ta cije leɓe ta rufe ido.

"Sake. Kak ki ji tsoro, sake."

Babban yatsa ya ɗan girgiza. Sai manuni ya bi shi, sauran suka lanƙwaso a hankali har suka taɓa tafin hannunta.

"Alhamdu lillahi," in ji dattijon. "Wanga hannu zai yi tuwo."

Ladan ya yi wa dattijon godiya. Ya zauna nan ƙasa ya jingina da bango, ya rufe fuska da hula.