Neman Irin Albasar Yayata

A daminar da ta biyo bayan rufe gada, lokacin da mai zuwa Gaya sai ya shiga jirgin ruwa, kogi ya cika ya hau fadama. Da ruwan ya fara ja baya, mun tashi da asuba daga Malanville, ni da wani maƙwabcina mai babur, munka nufi Garu. Yayata ce a can. Mijinta ya rasu, albasa ke ciyar da ita da jikokinta, kuma an aiko mini cewa ruwa ya ci rumbunta har da irin da ta ajiye. In ba ta samu wani ba kafin sanyi ya shigo sosai, noman rani ya wuce ta.

Hanya ba ta da daɗi, amma ba ta kai yadda anka ba mu tsoro ba. Inda taɓo ya yi yawa sai in sauka in naɗe riga, abokin tafiyata ya tura babur yana yi masa faɗa kamar jaki. Jandarma sun tsai da mu, sunka dubi furfurata, sunka ce mu wuce. A wani ƙauye mun sha kunu da ƙosai na dala arba'in. Kifi kuwa ya yi arha har ya ba ni mamaki, don ruwan da ya ɓata wa manomi ya gyara wa masunci. Man babur ne kawai ya yi tsada, kwalba guda sai ka riƙe baki.

Hantsi ya yi munka isa. Na tarar da yayata ƙarƙashin sabon tamfol, lafiyarta lau, bakinta ma lau. Ta nuna mini abin da masu agaji sunka ba ta: shinkafa, sabulu, gidan sauro, da ƙwayar da ake jefawa a ruwa ya tsarkaka.

"Allah shi saka musu," in ji ta. "Amma kai malam ne, gaya mini, sabulu yana tsirowa?"

Na ce bari in je in tambayo.

A filin makaranta sunka kafa rumfunansu. Ni ajami na karanta, boko sai na bi shi baƙi-baƙi, don haka hotunan da ke jikin allunansu na bi. Mai hoton famfo ya ce shi ruwa ne aikinsa, in ga mai hoton bukka. Mai bukka ya tura ni wurin masu magani, ban san mi ya gani a fuskata ba. Can anka gwada jinina kyauta, anka ce yana nan daidai, alhamdu lillahi. Daga ƙarshe na kai ga wata ɗiya mai hoton zangarniya a rigarta, tana jin Dandanci da Hausa. Ta ba ni kujera, ta saurare ni har na gama.

Ita ta warware mini. Ta ce in bala'i ya sauka, hukumar ƙasa ce ke kan gaba, ƙungiyoyi kuma su raba aiki, kowace da sashenta, don kada su taru a ƙauye guda su manta na bayansa. Akwai ma ofishin da ba ya raba ko ƙwayar shinkafa, aikinsa tara su a ma'aikatar magajin gari, a ji wa ke ina, wa anka bari. Kuɗi kuwa kashi biyu ne. Akwai asusun da ƙasashe ke zuba wa tun kafin wani abu ya faru, shi ake buɗewa da gaggawa don ceton rai, shi ya sayi tamfol da shinkafa. Sauran sai an auna ɓarna, a yi kira ga duniya, masu hali su yi alkawari. Wani alkawarin ya cika da wuri, wani ya daɗe, wani kuma ya zo da sharaɗi.

"Baba, wanda ya ce kuɗinsa na ruwa ne, ba mu da ikon sayen iri da su."

Wannan ban yi gardama ba. Wanda ya ba da sadaka don rijiya, ba a saya wa masallaci tabarma da ita, ko da tabarmar ta mutu. Na tambaye ta yaushe na iri zai zo. Ta ce an sa shi cikin kiran, za ta sake tayar da maganar a taro, amma ba za ta yanka mini rana ba. Na ji daɗin gaskiyarta, na koma hannu wofi.

Yayata ta ji, ta ɗaura gyale ta ce a kai ta Madekali. Muna da wani taubashi can, lambunsa a kan tudu, ruwa bai kai shi ba. Shekarun baya shanu sun tattake masa renon albasa, ya zo ya tuge rabin dashenta ya tafi yana dariya, wai abin taubashiya ba a roƙonsa. Munka hau mu uku, babur yana nishi.

Mun same shi yana ban ruwa, dashensa kore shar, ya kusa isa cira.

"Bawana, na zo karɓar kayana!" in ji yayata.

"Wa ya sako tsohuwar nan? Ashe kogi ma ya ɗanɗana ki ya tofar."

"Ya ce ɓarawon albasa yake nema, na yi masa kwatancen gidanka."

Ya yi dariya har ya yar da guga. Ya ce ai shi tun da ya ji labarin ruwan ya ƙara faɗin renonsa, yana jira ne ta tako da ƙafarta ya ji daɗin zaginta. Ya nuna mata fangali huɗu. Ta ce shida ya ɗauka. Sunka ja, sunka kira ni shaida, na ce ni ban ga komai ba sai sallar la'asar da ke neman wuce mu. A kan biyar sunka sha hannu, ta ce ta yafe ɗayan saboda tsufansa.

Na kwana Garu, washegari munka kamo hanya, kafin azahar ina gida. Na dawo da girmama mutanen nan da ke haɗa taimako daga nesa, na kuma gane abin da ke ɗaure musu hannu. Su sunka riƙe ran yayata da jikokinta a makwannin da babu mai iya riƙe wani. Lokacin shuka kuwa ba ya jiran taro. Jiya anka aiko mini cewa ta gama dashe, kuma ta ce a gaya wa taubashinta yanzu ba ta bin shi komai sai gaisuwa.