Kalma Biyun Gwani

Da safe Malama tana koyar da lissafi. Da yamma, a teburin cin abincinta, ita ke haɗa kan 'yan sa-kai masu gina babbar manhajar kwamfuta ta kyauta. Ana gab da fitar da manhajar ta kafa doka: kada a ƙara taɓa rubutun da ke bayyana a allo, masu fassara shi zuwa wasu harsuna sun gama.

Sai Gwani, wani mai rubuta manhajar, ya canza sunan maɓallin farko, wai don ya fi daɗi. Fassarar wurin ta rushe a kowane harshe.

Ta kira shi tana huci.

"Haba Anti, kalma biyu ce fa!"

Ta so ta kore shi. To, wa ya ɗauke shi aiki, ba ɗan sa-kai ba ne? Kuma shi kaɗai ya san kan sashen.

"Sannu da ƙoƙari," ta ce. Sannan ta bi masu fassara tana ba da haƙuri.