Zagayen Neman Yafiya Kafin a Cire Mini Zobe

Ikara, kafin gari ya waye

Ƙarfe biyar da rabi na fito daga gida, ba abin da na riƙe sai flas ɗin romo. Saura kwana huɗu a sake yi mini aikin rage ƙiba. Shekara tara da suka wuce aka ɗaure mini bakin tumbi da wani zobe na roba don in riƙa ƙoshi da wuri. Na ragu, na yi ta fankama a kasuwar hatsi, sai zoben ya goce. In na yi loma uku sai amai, ƙibar kuma ta dawo don na koma wa kunu mai sukari. Likita ya ce a cire zoben, a yanke wani sashe na tumbin a huta. Sharaɗinsa ɗaya: mako biyu kafin aiki ba abin tauna, sai romo tsura da nono marar maiƙo. "Alhaji Sule, in ka karya, zan ɗage aikin."

To mu a gidanmu ba a shiga tiyata sai an zaga an nemi yafiyar manya, kuma ba a tashi a gaban manya a bar musu kwano a rufe. Wannan ce damuwata.

A tasha direba ya ce, "Alhaji, kujerar gaba ta mutum biyu, kamar kullum?"

"Kamar kullum. Ka more, abin ya kusa ƙarewa."

Makarfi, bakwai da kwata

Shinge biyu muka wuce. A na biyun ɗan sanda ya buɗe flas ɗina, ya shinshina, ya ce, "Oga, ina naman?" Na ce ni ma shi nake nema yau kwana goma.

Baffa Isa, ƙanin mahaifina, manomin rake ne. Muka gaisa har muka gaji, sannan na ce, "Baffa, na zo sallama. Za a cire mini zobe."

Ya kama hannuna yana duba yatsu. "Wanne? Don wannan sai asibiti? A kawo sabulu!"

Kafin in gama yi masa bayani an dire waina da miya, ga curin mazarƙwaila. Wallahi yawuna ya tsinke. Na ce, "Baffa, a ƙulle mini in kai wa iyali, su ci albarka." Na ɗauki moɗarsa na sha ruwa a gabansa. Sai Baffa ya ce:

"Kai da ake ɓoye wa tukunya? Lallai da gaske kake. Na yafe. Allah ya ba likitocin sa'a."

Hunkuyi, sha biyu da rabi

Sai sha ɗaya motar Hunkuyi ta cika, muka bi ta cikin gonakin rake da masara. Nan ne babban aikin yake, don Inna, mahaifiyata, ko aikin farko ba da son ranta aka yi ba. Tun daga zaure na ji ƙamshin dambun masara da zogale. Ta san ni sarai.

Na durƙusa na gaida ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta turo mini akushi.

"Ci tukuna."

"Inna, ba zan iya ba."

Shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa gaya mata haka ba. Ta dube ni, ta ce:

"Cikin da na yi ta wahalar cikawa shi za a yanke?"

Na ce mata gwiwoyina sun fara ƙin sujada, yanzu a kujera nake salla. Na ce bayan aikin ruwa zan fara da shi, sai kunu tsararo, cokali-cokali, tsawon makonni.

Sai ta ce, "Wato jariri za ka koma."

Ta ɗauke akushin da hannunta, ta aika wa maƙwabta. Ta ɗora romon kaza, ta kwashe maiƙon, ta tace da farin ƙyalle sau biyu, ta miƙo mini a ƙaramin ludayi. Na sha idona na ƙasa. Da na ɗago, ga ta da mayafi da jaka.

"Matarka hannunta da nauyi a damun kunu. Ni na yaye ka, ni zan sake."

"Inna, yafiyar fa?"

"Na yafe maka tun ranar da na haife ka. Ɗauki jakar."

Komawa gida

Ƙarfe uku muka kama hanya, muka sauya mota a Makarfi. Kujerar gaban nan ta mutum biyu na bar wa Inna ita kaɗai, ni na matsu a baya ana ta tsaki, ko a jikina. Ana kiran magariba muka shigo Ikara.

Na yi gumurzu da dillalai iri-iri ban ji na isa ba sai ranar: gida biyu, ban yi loma ba, ban kuma ɓata wa kowa ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Baffa. Inna kuwa ta ce in ajiye godiyata, in je in nemo mata rariya mai ƙananan ido.