Fararen Shafuka Goma Sha Tara

A aji biyar aka cire ni daga firamare, aka kai ni koyon gyaran keke a Kwanar Dangora. Amma rubutu ya riga ya kama ni. Zamanin mulkin soja, ina da mata da 'ya'ya biyu, na sayi littafi irin na 'yan makaranta, na ce sai na rubuta yadda kakanmu ya sari daji ya kafa gida a Badafi. Dokata ɗaya ce: shafi guda kullum bayan sallar asuba, kafin a dama koko.

Na kuma ƙirƙiro wa kaina horo. Duk ranar da na yi fashi, sai in rubuta sunan ranar a sama in bar shafin fari, don ya riƙa kallona.

Sai lokacin kaka ya zo. Yankan dawa ya cinye ni, yatsuna ko biro ba sa riƙewa da kyau. Da aka gama na ƙirga fararen, goma sha tara, na rufe littafin. Na fara yarda da abin da masu satifiket suka sha gaya mini a tasha, wai ɗan aji biyar faci ya sani, ba rubutu ba.

Maiɗakina ba ta yi boko ba, daddawa take sayarwa. Wata safiya na ɗauko littafin na ji ya rame. Ashe reza ta sa ta yanke fararen kaf, ta bar ɗan gefe don kada masu rubutun su zube, ta ƙulla daddawa da su. Rabin unguwa sun yi miya da abin kunyata.

Na yi faɗa, na faɗi maganganun da ba zan maimaita ba. Ta bari na gama, tana tankaɗe.

Ta ce, “Malam, masu rubutun ban taɓa ba. Waɗancan kuwa babu komai a ciki, amma kullum ka buɗe su sai ka ƙi shan koko.”

Na koma ɗaki ina huci. Ina buɗewa sai ga kakana a inda na bar shi, gatari a kafaɗa, sabon shafi daf da shi. Na zauna na ci gaba har kokon ya huce.

Har yau babu wanda ya buga littafin, kuma na daina kai shi wurin masu bugawa ana yi mini dariya. Amma na gama shi. Ban sake tsallake shafi ba, ita kuma ta shekara tana mita na hana ta takarda.