Malam Ƙamus da Gungun Marke

A Yelwa, in ka ce Mainasara sai a tambaye ka wanne. Amma in ka ce Malam Ƙamus, har mai sayar da kifi a bakin kasuwa za ta nuna maka ƙofar gidansa da haɓa. Malamin firamare ne, siriri, mai gajeren wando da doguwar safa irin na malaman zamanin samun mulkin kai. Aƙidarsa guda ce: ba ya faɗa wa ɗalibi ma'anar kalmar Turanci da baki kawai, sai ya nuna masa abin.

Ranar da aka koyi "goat", akuyar maƙwabta ce ta sha ja har cikin aji, ta kuma bar musu tsarabarta a ƙasa kafin ta fita. Ranar "bitter" kowa sai da ya tauna ganyen shuwaka. "Heavy" kuwa, dutsen niƙan matarsa Asibi ya sa aka ɗauko, tuwo ya yi latti, Malam kuma ya ji abin da ya ji a cikin gida. Bai daddara ba. Yakan ce kalmar da ido bai gani ba, kwana ɗaya take yi a kai ta gudu.

Shi ɗan Gungawa ne. An haife shi a Gungun Marke, wani ɗan tsibiri a tsakiyar kogin Kwara inda ake noman albasa da kamun kifi, tafiyar rabin yini a kwalekwale. Mahaifinsa Mati ya rasu shekarar da Turawa suka miƙa mulki, aka binne shi a gindin marken da ya ba gungun suna. Daga nan Mainasara ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Dudu, ya kawo ta Yelwa, don yanar ido ta fara rufe mata gani.

Da aka soma aikin madatsar ruwa ta Kainji, sunan Malam ya ƙara fita. Magidanta masu neman aiki wurin Turawan madatsa da masu ginin sababbin ƙauyuka suka riƙa cika masa zaure da la'asar, har Asabar da Lahadi. Ya aro shebur, ya aro guduma da ɗan buhun siminti, yana ɗagawa suna maimaita sunayen. Manyan mutane masu furfura suna ce masa ranka ya daɗe. Gaskiya abin ya shiga kansa, ya fi yadda ya kamata.

Kowa ya san abin da ke tafe. In an toshe Kwara, ruwa zai koma baya ya haɗiye gungaye. A gungunsu kuwa akwai al'ada: iyali ba sa tashi daga wuri sai sun je kan kabarin nasu sun gaya musu an tashi, an kuma koma wuri kaza. Sauran gidaje duk sun yi, kafin a kwashe su zuwa gidajen simintin da aka gina musu a tudu. Saura gidan Mati.

Wata safiya Inna ta tare Mainasara yana ɗaure takalmi.

"Malam," haka take kiransa, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, "ka kai ni in yi bankwana da ubanka tun ruwa bai taho ba."

"Kawu Ɗanladi na da jirgi, Inna. Ko yau sai shi kai ki."

"Ba ni zuwa da kowa sai kai. In ya tambaye ni ina ɗanai, mi zan ce mai?"

"To, gobe in Allah ya so."

Goben ta zo da magidanta a zaure. Wata goben ta zo da mai duba makarantu. Kuma can cikin ransa akwai abin da bai gaya wa kowa ba: kunya yake ji a ga Malam Ƙamus, mai sahun gaba a masallaci, ya durƙusa yana yi wa tudun ƙasa bayani da harshen Gungawa. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaure ɗan ƙunshin goro da taba irin wadda marigayin yake so, ta ajiye kusa da tabarmarta a bayan zaure, inda take jin duk karatun da ake yi.

Ran nan aka zo kan "tomorrow". Malam ya duba hagu ya duba dama, babu abin ɗagawa. Ya ce musu wannan kalma ba ta nunuwa, gobe ke nan, sai dai su haddace. Da aka watse, ya shigo zai wuce, Inna ta yi murmushi ta ce, "Malam, ni ma na iya Turanci yanzu. Tumoro. Wagga ba sai ka nuna min ba, na daɗe da saninta."

Asibi ta tuntsire da dariya. Shi ma ya yi 'yar dariya, amma maganar ta soke shi. Duk da haka bai tafi ba, don jarrabawa ta matso.

Damina ta yi nisa, aka toshe Kwara. Kawu Ɗanladi, ƙanen Inna, ya zo da kansa ya ce ruwa ya shiga gonakin albasa. Mainasara ya ce Asabar mai zuwa. Shi a lissafinsa ruwa zai hau a hankali, kamar yadda ya saba gani kowace shekara. Wannan kuwa ba ruwan da ya sani ba ne.

Ranar da suka tafi, shi ya ɗauki Inna ya sa ta cikin jirgi, ƙunshinta a cinya. Suka yi ta tafiya har rana ta take. Babu gaɓar da ya sani. Inda ya san duwatsu, ruwa ne. Inda ya san rukunin giginya, sai kawunansu jefi-jefi. Kawu ya yi ta kewaye yana neman kan marken, bai gan shi ba. Daga bisani ya ɗora filafilin tuƙi a cinya, ya dubi Mainasara, ya girgiza kai a hankali.

Inna ta ji jirgi ya tsaya. Ta juyo da fararen idanunta wajen ɗanta.

"Nan na?"

Mutumin da bai taɓa faɗin abu ba sai ya nuna shi, ya dubi ruwa fetal ta kowane gefe. Ya ce, "Nan na, Inna."

Ta sunkuya ta tsoma hannu. Ta yi magana mai tsawo da harshensu, ta gaya wa mijinta an tashi, ta kwatanta masa gidan Yelwa, kwana bayan kwana daga bakin kasuwa, kada ya ɓata. Ta saki goron da tabar. Sannan ta ce, "Ga ɗanka, shi ya kawo ni da kainai. Malam, gaishe shi."

Ya gaishe shi. Bai san ko kabarin yana ƙarƙashinsu ba, ko yana can nesa inda muryarsu ba ta kai.

A hanyar dawowa ta riƙa sa masa albarka, tana cewa ya sauke mata nauyi. Da zagi ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta rasu bayan shekara biyu, kuma har ta bar duniya bai sani ba ko ta yarda, ko dai ta rufa masa asiri ne kamar yadda shi ya yi niyyar rufa mata.

Ya ci gaba da koyarwa har gemunsa ya yi fari. Akuyoyin unguwa suka ci gaba da shan wahala. Kalma ɗaya ce kawai in an zo kanta sai ya ce "island, gungu ke nan" da sauri, ya buɗe shafi na gaba. Ɗalibai sun lura, amma babu mai ƙarfin halin tambaya, sai wata shekara da aka sami Hansatu, yarinyar da ba a haife ta ba lokacin da ruwa ya zo, mai baki kamar reza.

"Malam, ba ka nuna muna ba. Ga wani gungu can ana hango shi daga bakin ruwa. Yaushe za mu?"

Ya buɗe baki. Kalmar da ya saba, gobe, tana kan harshensa, ya ji ta da muryar Inna, da murmushinta. Ya haɗiye ta. Ya ajiye alli.

"Ku tashi," ya ce. "Yanzu za mu."